Baƙo Ko Da Ido Makaho Ne: Ƴan Ci-raninmu a Sifaniya da Bashin da Ke Kanmu

A hutun ƙarshen shekarar karatu da ya wuce na je gida Birnin Ƙonni. Kwana biyu da isowata, innata, ƙanwar mahaifiyata, ta aiko yaro ya kira ni. Na tarar da ita zaune bisa tabarma da wayar salula a hannu, fuskarta babu walwala. Bayan mun gaisa ta miƙo mini wayar ta ce, "Kai da anka ce kana karatun halsuna, duba muna mi anka rubuta ga wagga takarda. Yayanka ya turo ta, ya ce sun hidda shi daga aiki, kuma sun ce ba ya bin su komi."

Hoton takarda ne da Sifaniyanci, da sa hannun ɗanta a ƙasa. Ban taɓa zama ajin wannan harshe ba, sai dai Faransancin da nake da shi ya haska mini rabin abin da ke ciki, ƙamus ya cika mini sauran. Kalmomi biyu ne suka tsaya mini a wuya: "baja voluntaria". Ma'anarsu ita ce ma'aikaci ya ajiye aiki don raɗin kansa. A dokar ƙwadago ta Sifaniya, wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya, yana kuma iya neman tallafin rashin aiki. Wanda ya ce shi ya bari da kansa ba ya samun ko ɗaya daga cikin biyun. Yayana ya shekara uku yana tsinkar tumatir da tattasai a rumfunan leda na yankin Almeriya. Ranar da mai gonar ya so rabuwa da shi, aka ajiye masa takarda aka ce ya sa hannu ya karɓi kuɗin watansa, shi kuwa ya ɗauka rasiɗi ne. Dokar ta ba ma'aikaci kwana 20 na aiki ya ƙalubalanci kora a gaban hukuma. Lokacin da hoton ya iso hannuna wa'adin ya daɗe da wucewa.

Na kira shi a daren. Bai yi ƙorafi da yawa ba, abin da ya faɗa kawai shi ne, "Ƙanena, hamada ba ta ci ni ba, ruwa bai ci ni ba, ga takarda guda ta ci ni." Tun daga ranar nake jin cewa mu da ke karatun kimiyyar harshe akwai bashin da ke kanmu, kuma ina so in faɗi ra'ayina a fili: harshe shi ne shingen da ƴan uwanmu masu zuwa ƙasashen Sifaniyanci suka fi daɗewa suna fama da shi, kuma taimaka musu su ƙetare shi aikinmu ne kafin ya zama na kowa.

Dalilin da ya sa ake tafiya

Ba sai an gaya wa ɗan Adar ko Baƙonne mene ne biɗa ba. Tun kakanninmu, da an gama girbi samari ke ɗaura kaya su nufi Kurmi, wasu Abijan, wasu Ikko da Kano, daga baya Libiya da Aljeriya suka shigo lissafi. Duk wanda ya tsaya mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ke rabuwa da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, zai ga motocin da ke kwasar matasa zuwa arewa. Yankinmu ba matalaucin albarka ba ne. Albasar Galmi ta yi suna har bakin teku, Malbaza na da masana'antar siminti, Ƙonni na da fadamun noman rani da kasuwancin iyaka, Badagishiri na da kasuwarta. Amma albarkar ba ta isa ta riƙe dukan hannuwan da ke neman aiki ba, kuma rufe iyaka da Nijeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya nuna mana yadda cinikin Ƙonni da Illelar Sakkwato ke iya tsayawa cikin dare ɗaya.

Lissafin da saurayi ke yi mai sauƙi ne. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. A Sifaniya, a shekarar 2025, yuro 1,184 ne, wanda ya haura jika 776 na sefa. Ba ya lissafa kuɗin hayar ɗaki, ba ya lissafa cewa wannan albashi na mai takardu ne, ba ya lissafa shekarun da zai yi kafin ya samu takardun. Yana dai ganin gidan siminti da wani ya gina a unguwarsu. Wa'azi bai taɓa rinjayar wannan lissafi ba, doka ma ba ta rinjaye shi ba. Dokar 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure ta sa direbobi sun bar sanannun hanyoyi sun koma bin lungunan hamada, har aka soke ta a watan Nuwamba 2023.

Ina kuma so in faɗi haɗarin ba tare da ragi ba. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, akasari mata da yara. Har yau hukumomin Aljeriya na sauke mutane a wurin da ake kira "Point Zéro", su tako kilomita kusan 15 a ƙasa zuwa Assamaka. Ranar 6 ga Fabrairu 2014 mutum 15 suka nutse a Tarajal, bakin garin Sabta. Ranar 24 ga Yuni 2022 mutum 23 aƙalla suka mutu a shingen Meliya. A 2024 mutum fiye da 46,000 suka isa tsibiran Kanari ta jirgin ruwa, kuma waɗanda teku ya haɗiye babu mai cikakken adadinsu. Duk wanda ya tambaye ni ko ya bi wannan hanya, zan ce masa kada ya bi. Sai dai akwai waɗanda suka riga suka isa, akwai waɗanda za su tafi ko mun so ko mun ƙi, akwai kuma masu tafiya ta halattacciyar hanya, don karatu ko aure ko aiki. Dukansu shinge ɗaya ke jiransu a can.

Inda harshe ke yanke hukunci

Mu duba matakan da baƙo ke bi a Sifaniya, mu ga inda harshe ke shiga.

Mataki na farko shi ne ganawa da ƴan sanda da lauya. Dokar baƙi ta ƙasar, ta shekarar 2000, ta tanadi cewa wanda ba ya jin harshen hukuma a ba shi tafinta. Amma tafintan wane harshe? Mafi yawan baƙaƙen fata da ke isa can ƴan Senegal ne da Mali da Gini da Gambiya, don haka masu jin Wolof da Bambara da Fulatanci sun fi sauƙin samun mai fassara musu. Ɗan Nijar kuwa, da an ga sunan ƙasarsa sai a ɗauka Faransanci yake ji. Mu da muka fito daga Illela da Tajaye da Dogarawa mun san gaskiyar lamarin: da yawa daga cikin masu tafiya makarantar allo suka yi, ko suka bar boko tun aji uku. Faransancinsu na tasha ne da kasuwa, ya isa sayen tikiti, bai isa bayanin rayuwar mutum a gaban alƙali ba. A irin wannan zama ne ake yanke ko a sallami mutum, ko a ba shi takardar umarnin barin ƙasa, ko a tsare shi a cibiyar baƙi, inda doka ta yarda a riƙe shi har kwana 60.

Mataki na biyu shi ne rajistar mazauna gari, wadda suke kira "padrón". Ko marar takardun zama yana da damar shiga wannan rajista a ma'aikatar magajin gari, kuma tana daga cikin manyan hujjojin da ke nuna tun yaushe mutum yake ƙasar. Wanda bai san da ita ba sai ya shekara biyu yana aiki a ɓoye, ranar da ya je neman takardu a ce masa ina shaida.

Mataki na uku shi ne "arraigo", hanyar da marar takardu ke bi ya samu izinin zama. Kalmar daga "raíz" ta fito, wato saiwa, ma'ana mutum ya nuna ya kafa saiwa a ƙasar. A da sai an shekara uku, amma daga 20 ga Mayu 2025 sabon tsari ya mayar da shi shekara biyu. A wani nau'insa ana neman rahoton hukumar yanki da ke shaida cewa mutum ya saje da jama'a, kuma koyon harshe na cikin abubuwan da ake dubawa. A nan wani abin ke ɓullowa da matafiyi bai zata ba: Sifaniya ba harshe ɗaya gare ta ba. Wanda ya je tsinkar ƴaƴan itace a Lleida zai tarar da Kataloniyanci a makaranta da ofis, a arewa kuma akwai Baskanci da Galisiyanci, kowanne da matsayinsa na hukuma a yankinsa.

Mataki na huɗu shi ne zama ɗan ƙasa. Ɗan Nijar sai ya shekara 10 da halattaccen zama, sa'annan ya ci jarrabawa biyu da cibiyar Cervantes ke shiryawa, ɗaya ta harshe a matakin A2, ɗaya ta sanin tsarin mulki da al'adun ƙasar.

Mataki na ƙarshe shi ne tsufa. Al'adar mutanenmu ita ce a nemo a dawo gida a huta. To, fanshon ma'aikaci a Sifaniya na bukatar aƙalla shekara 15 ana zuba kuɗi a asusun inshorar jama'a da sunan mutum, kuma shekarun ritaya na kaiwa 67 a 2027. Wanda ba ya iya karanta takardar albashinsa, "nómina", ba zai gane cewa kwana 10 aka rubuta masa a watan da ya yi kwana 26 yana aiki ba. Wanda ya ari takardun wani ya yi aiki da su, guminsa asusun wancan yake shiga. Irin wannan asara ba a ganinta sai furfura ta fito, lokacin da babu sauran gyara.

Harshen bai kai nisan da ake zato ba

Abin da ya ƙarfafa mini guiwa shi ne, da na zauna na kwatanta harsunan biyu, sai na ga Bahaushe na da jarin da bai san yana da shi ba.

A tsarin sauti, Sifaniyanci wasula biyar gare shi, a, e, i, o, u, daidai da namu idan aka ajiye tsawo gefe. Babu wasulan hanci da ke wahalar da ɗalibanmu a Faransanci, kuma rubutunsa na bin furuci ƙwarai. Yana bambanta "pero", amma, da "perro", kare. Bature ɗan Faransa na shan wahala a nan, alhali kunnen da ya saba raba ra-kaɗe da ra-gare, ya san bara mai hidima daban da bara ta almajiri, ya riga ya san cewa "r" biyu na iya raba ma'ana. Sautin da suke rubutawa da "j" shi ne wanda duk ɗan makarantar allo ya koya a harafin kha, wanda mutanen tsakiya da arewacin Sifaniya ke furtawa a "z" kuma ɗan'uwan tha ne na Larabci. Inda za mu sha wuya shi ne "p", domin ba mu da shi a matsayin ƙwayar sauti, kuma a karin harshenmu na yamma "f" ɗin ma "hw" ko "h" ne, muna cewa hwari da tahi. Ga zubin kamantau da ya kamata a fara da shi: "paro", rashin aiki, da "faro", fitilar bakin teku. Wurin nauyin gaɓa ma na raba ma'ana, "hablo" ina magana, "habló" ya yi magana, amma mai harshen karin sauti ba baƙo ba ne ga irin wannan.

A nahawu kamar ta fi ban mamaki. Mafi yawan sunayen da suka ƙare da "a" jinsin mace ne a Sifaniyanci, kamar yadda suke a Hausa, kuma kowane harshe na da ƴan tawayensa: mu muna da gida da ruwa da suna, su suna da "día" da "mapa" da "problema". Aikatau biyu da ke rikita masu Faransanci da Ingilishi, "ser" da "estar", Bahaushe na da madubinsu a bakinsa. Idan ya ce "shi malami ne" da dirka, wurin "ser" ke nan. Idan ya ce "yana gida", wurin "estar" ke nan. Kwatancin bai cika ta kowace fuska ba, amma ya isa ya buɗe ƙofa.

A ɓangaren kalmomi kuwa rijiya ɗaya muka sha. Musulmi sun yi mulki a sassan Andalus daga 711 zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492, suka bar wa Sifaniyanci dubban kalmomin Larabci, da yawa tare da "al" ɗinsu, kamar yadda muka aro albasa da alkama da aljihu. "Alcalde", magajin gari, da alƙali tushensu ɗaya. "Alguacil" da waziri haka. "Hasta" ɗan'uwan hatta ne, "cifra" da sifiri, "aceituna" da zaitun, "azúcar" da sukari. "Almacén" da mangazarmu, wadda ta biyo ta Faransanci, duk daga makhzan suke. Musulmin da suka rage bayan 1492 sun riƙa rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci, ana kiran rubutun "aljamiado", daga kalmar da ta haifi ajaminmu.

Dangantakar ba ta tsaya ga kalmomi ba. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a zaurukanmu, a Sabta aka haife shi, garin da matasanmu ke hawa shingensa a yau. Mai Ishiriniya, Alfazazi, haifaffen Ƙurɗuba ne. Ibn Malik, wanda Alfiyyarsa ta koyar da malamanmu nahawu, daga Jayyan yake, wadda ake kira Jaén yanzu. Hasan al-Wazzan, ɗan Garnaɗa da Turawa suka sani da Leo Africanus, ya ambaci Gobir da Kano da Katsina da Zamfara da Agadas a littafinsa da aka buga a 1550. Judar Pasha, wanda ya jagoranci rundunar Maroko ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, daga yankin Almeriya ya fito, inda yayana ke tsinkar tumatir. Malamin da zai koya wa Baƙonne wannan harshe ya fara daga nan, domin mutum ya fi saurin koyon abin da ya ji yana da gado a cikinsa.

Hujjojin masu suka

Na tattauna wannan ra'ayi da abokan karatu, kuma sukar da suka yi mai nauyi ce. Ya kamata in amsa ta.

Na farko suka ce koya wa matasa Sifaniyanci tamkar tura su cikin teku ne. Na fahimci tsoron, amma ban taɓa jin wanda ya fasa tafiya don bai iya harshen ba. Yayana ya tafi bai san ko gaisuwa ba. Jahiltar harshe ba ta hana tafiya, abin da take yi shi ne mayar da matafiyi ganima ga dillali da mai gona. Hasali ma wanda ya iya karanta dokar da kansa, ya ga shekara biyu ba takardu, shekara 10 kafin zama ɗan ƙasa, shekara 15 kafin fansho, ya fi kusa da sake tunani bisa wanda labarin dillali kawai ya ji.

Na biyu suka ce yanzu muka ɗaga harshenmu, tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, don me za mu koma bin wani harshen Turai? Amsata ita ce abin da nake kira gare shi hidima ce ga Hausa. Harshen ƙasa na gaskiya shi ne wanda ke bin ɗansa duk inda ya je, ya tsaya masa a kotu da asibiti. Ƙamus tsakanin Hausa da Sifaniyanci kai tsaye, ba tare da an ratsa ta Faransanci ba, ƙarin daraja ne ga Hausa. Ya kamata mu daina ɗaukar cewa duk hulɗarmu da duniya sai ta bi ta Paris.

Na uku suka ce masu zuwa Sifaniya daga yankinmu kaɗan ne idan aka kwatanta da masu zuwa Nijeriya da Libiya da Aljeriya da Kodibuwa. Gaskiya ne. Amma a Abijan akwai zango, akwai mai masauki, akwai sarkin Hausawa, baƙo ba ya rasa mai yi masa jagora. Ƙarancin adadin ne ya sa ɗan Malbaza a Almeriya yake cikin kaɗaici. Kuma maganar ta wuce Sifaniya. Harshen na da masu shi na haihuwa kusan miliyan 500, shi ne na hukuma a ƙasashe 20. Ɗaya daga cikinsu a nan Afirka take, Gini Ikwatoriya, wadda ta samu ƴancin kai a 1968, inda Hausawa ƴan kasuwa suka daɗe da zama a Malabo da Bata. Tarihin tsibirinta, da ake kira Fernando Po a da, darasi ne a gare mu: dubban leburori daga Nijeriya sun yi aikin gonakin koko a can bisa kwangilolin da da yawansu ba su iya karantawa ba, har ƴan Nijeriya suka laƙaba wa wurin "Panya", sai a 1975 da 1976 gwamnatinsu ta kwashe su saboda cin zarafi. Akwai kuma Kuba, wadda ke karɓar ɗaliban likitanci daga ƙasashen Afirka, waɗanda sai sun koyi harshen kafin su shiga karatun.

Na huɗu suka ce wayar salula na fassara komai yanzu. Na gwada. Manhajojin fassara daidaitacciyar Hausa a rubuce suka fi sani. Ka ce musu "mi anka ce", ko "shina hwaɗi", ka ga abin da za su mayar maka. Mutumin da ba ya karanta boko kuma, wanda duk hulɗarsa saƙon murya ne a WhatsApp, fassarar da ke fitowa a rubuce ba ta amfane shi da komai ba. Na'urar ma ba za ta gaya masa cewa yana iya rubuta "no conforme", ban yarda ba, kusa da sa hannunsa, ko ya ce sai ya kai takardar gida an duba masa ba. Wannan sanin sai mutum.

Abin da za mu iya yi

Ba na kiran a kafa sabuwar tsangaya ko a jira kuɗin wata ƙungiya. Abubuwa huɗu nake ganin suna cikin ikonmu.

Na ɗaya, jagoran baka. Mu tattara jimloli ɗari biyu ko uku da mutum ke bukata a gaban ɗan sanda da likita da mai ba da aiki da mai gidan haya, mu naɗe su a murya, Sifaniyanci da bayaninsa cikin Hausar Ƙonni da Adar, gajeru yadda za su yi yawo a waya. A rubuta su da boko da ajami don masu karatu. Darasin farko ya zama jimla biyu: "ban gane ba, ina bukatar tafintan Hausa", da "ba zan sa hannu ba sai an karanta mini". Jagoran kuma ya faɗi haɗarin hanya da tsawon jiran takardu tun a farkonsa, kada ya zama tallar tafiya.

Na biyu, aikin ƙirƙirar kalmomi. Yaya za mu ce "arraigo" da Hausa? Ni na fi son "kafuwa", wani abokina ya ce "zama daram". Yaya za mu bambanta kora da ajiye aiki da ƙarewar kwangila yadda manomi zai gane bambancin haƙƙin da ke bin kowanne? Wannan aikin ajin fassara ne, kuma ya fi fassara tatsuniyar da aka riga aka fassara sau goma amfani.

Na uku, bincike. A Ƙonni da Illela da Malbaza akwai waɗanda suka dawo daga Sifaniya da Maroko da Gini Ikwatoriya, bakinsu cike da ararrun kalmomi. Yayana ba ya cewa takardu, "papeles" yake cewa, kuma na ji ya jam'inta "jefe", shugaban aiki, da tsarin jam'in Hausa. Yaya suke gyara kalmomin su dace da gaɓar Hausa? Wane jinsi suke ba su? Yaya Hausar ƴaƴan da aka haifa can take, waɗanda kakanninsu ke jin muryarsu a waya ba su gane ba? Ga kundayen digiri na biyu nan birjik suna jiran masu rubuta su. Waɗannan da suka dawo su ne kuma malamanmu na farko wajen haɗa jagoran, domin sun san inda takalmin ke matsi.

Na huɗu, tafinta. Sifaniya na da ofishin jakadanci a Yamai, cibiyar Cervantes kuma ta buɗe reshe a Dakar a 2021. Babu abin da zai hana sashenmu ya nemi haɗin guiwa don wasu daga cikinmu su koyi harshen har su samu shaidar ƙwarewa. Ana yin tafinta ta waya a asibitoci da ofisoshi da dama na Turai. Ɗalibi a Yamai ko Tawa na iya zama bakin wani Bahaushe da ke kwance a asibitin Almeriya, ya kuma samu halalinsa a ciki. Ga malamanmu ina roƙon su duba yiwuwar saka darasin zaɓi na Sifaniyanci, su kuma karɓi irin waɗannan batutuwa idan ɗalibi ya kawo su.

Yayana ya samu wani aikin a wurin tattara kayan lambu, ya kuma shiga ajin dare na manya da ake yi kyauta a garin da yake. Makon jiya ya turo mini hoton sabuwar kwangilarsa tun kafin ya sa hannu, muka bi ta layi-layi, shi da abin da ya koya a aji, ni da ƙamus. Mun tarar an rubuta awa 20 a mako alhali 40 aka yi magana da baki. Ya koma ya tambaya, aka gyara. Da na gaya wa inna, sai ta ce, "To, ashe karatun naka na da rana." Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, amma sai ya samu harshen da zai yi tambayar da shi, da wanda zai tambaya. Duk mai son shiga aikin jagoran ya same ni bayan darasin tsarin sauti, mu fara da jimloli hamsin na farko kafin hutu mai zuwa.